Gudanar ruwa tsakanin fayafai masu juyawa

Gudanar ruwa tsakanin fayafai masu juyawa wani reshe ne na kimiyyar motsin ruwa da iska, wanda ke nazarin yadda abu mai kwarara yake tafiya idan ya shiga tsakanin fayafai biyu ko fiye, alhali ɗaya daga cikinsu ko dukansu suna juyawa a kan sanda guda. A wannan fanni kalmar "ruwa" ta haɗa da duk abin da ke gudana, kamar ruwan sha, mai, jini, iska da tururi. Faifai kuwa faranti ne zagayayye, sumul, wanda ba shi da fukafukai.

Masana lissafi suna daraja fannin domin yana cikin wurare ƙalilan da ake iya warware ƙa'idojin Navier da Stokes, wato lissafin da ke bayyana motsin ruwa, ba tare da an zubar da wani ɓangare nasu ba. Injiniyoyi kuma suna bukatarsa wajen ƙera famfuna, injunan jiragen sama da na tashoshin lantarki, da kuma turbin ɗin da Nikola Tesla ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20. Turbin inji ne da ruwa, iska ko tururi ke juya shi don a sami ƙarfi. Na Tesla ya bambanta da sauran domin danƙon ruwa ne kaɗai ke jan fayafansa, kuma wannan danƙon shi ne ke cinye wani kaso na ƙarfin da ake nema. Yawancin binciken da aka yi a kan injunan faifai tun daga shekarun 1960 yana ƙoƙarin gano inda ribar danƙo ta fi asararsa yawa.

Mannewa da danƙo

Ruwan da ya taɓa fuskar abu mai tauri ba ya zamewa a kanta. Ƙwayoyinsa da ke jikin fuskar suna manne mata, su tafi da irin saurin da take tafiya, idan kuma tana tsaye su tsaya. Shi ya sa ƙura ke kwanciya a kan fukafukan fanka duk da saurin juyawarta: iskar da ke daf da ƙarfen tana tafiya tare da shi ne, don haka ba ta share ƙurar.

Danƙo shi ne yadda sassan ruwa suke jan junansu. Zuma ta fi man gyaɗa danƙo, man gyaɗa ya fi ruwa, iska ma tana da nata ɗan kaɗan. Idan faifai ya fara juyawa, ruwan da ke manne da shi yana jan na samansa, wannan kuma ya ja na gaba, har jan ya yi rauni ya ƙare. Siririn yankin da wannan jan yake aiki ana kiransa shimfiɗar iyaka. Masanin Jamus Ludwig Prandtl ne ya gabatar da ra'ayin shimfiɗar iyaka a shekarar 1904, a taron masana lissafi na duniya da aka yi a birnin Heidelberg.

A lissafin fayafai ana amfani da alamomi biyu. Alamar Ω tana nufin saurin juyawa, alamar ν kuma tana nufin danƙon ruwa bayan an raba shi da nauyin ruwan a kowace kubik mita. Saboda iska ba ta da nauyi, ν ɗinta ya ninka na ruwan sha kusan sau 15. Tsawon da ake samu daga √(ν/Ω) shi ne ma'aunin da kusan kowane sakamako na wannan fanni ya dogara a kai.

Faifai guda a cikin ruwan da ke tsaye

A shekarar 1921 Theodore von Kármán, ɗan asalin ƙasar Hangari da ke koyarwa a Aachen ta Jamus, ya nazarci faifai mai faɗi marar iyaka da ke juyawa a cikin ruwan da ke tsaye. Ya nuna cewa ruwan yana motsi ta fuskoki uku a lokaci guda. Wanda ke jikin faifan yana zagayawa tare da shi. Zagayawar tana wurga shi waje zuwa gefe, kamar yadda majajjawa ke wurga dutse. Gurbin da ya bari kuma wani ruwa ne daga sama yake gangarowa ya cike shi. Ke nan faifai sumul yana aikin famfo ko da ba shi da fiffike ko ɗaya.

W. G. Cochran ya gyara alƙaluman von Kármán a shekarar 1934. Sakamakon ya nuna cewa kaurin shimfiɗar iyaka ya kai kusan ninki biyar da rabi na √(ν/Ω), kuma kaurin ɗaya ne daga tsakiyar faifai har gefensa. Saurin ruwan da ke gangarowa daga sama shi ma ɗaya ne a ko'ina, wajen kashi 88 cikin 100 na √(νΩ). Idan faifai yana juyi 3,000 a minti ɗaya a cikin iska, shimfiɗar ta ɗan haura milimita 1, iskar kuma tana gangarowa da saurin santimita 6 a sakan. A cikin ruwan sha, a wannan sauri, shimfiɗar ba ta wuce sulusin milimita ba.

Wannan gudana ta natsuwa ba ta kaiwa gefen babban faifai. Yayin da aka yi nisa daga tsakiya saurin yana ƙaruwa, har gudanar ta rikice ta koma hargitsi. A shekarar 1955 Gregory, Stuart da Walker, a Birtaniya, sun shafa wa faifai farar ƙasa suka juya shi, sai suka ga zane-zanen murɗaɗɗun guguwoyi kusan 30 sun fito a da'ira kafin wurin da hargitsin yake farawa. A 1995 Rebecca Lingwood ta Jami'ar Cambridge ta nuna cewa idan nisa daga tsakiya ya kai kusan ninki 510 na √(ν/Ω), ƙaramar girgiza tana girma a inda ta auku ba tare da ruwan ya kwashe ta ba, kuma a daidai nan ne gwaje-gwaje suke ganin farkon hargitsi. Ga faifan da ke juyi 3,000 a minti cikin iska, wannan nisa ya kai santimita 11.

Ruwa mai juyawa a kan faifan da ke tsaye

Akasin wancan shi ne ruwa ya yi ta zagayawa a kan fuskar da ba ta motsi. U. T. Bödewadt ya warware lissafinsa a shekarar 1940. A cikin ruwa mai zagayawa matsi ya fi yawa a gefe fiye da tsakiya, kuma shi ne ke hana ruwan fita waje. Ruwan da ke kusa da ƙasa yana rage sauri saboda mannewa, sai ƙarfin wurginsa ya kasa tare matsin, matsin ya tura shi ciki zuwa tsakiya, daga nan ya yi sama. Wannan ne dalilin da ya sa ganyen shayi ke taruwa a tsakiyar gindin kofi bayan an juya da cokali, abin da Albert Einstein ya yi bayaninsa a 1926.

Akwai hali na uku, inda fuskar da ruwan duk suke juyawa da sauri kusan ɗaya. Masanin teku ɗan Suwidin Vagn Walfrid Ekman ne ya bayyana shi a 1905, bayan Fridtjof Nansen na Norwe ya lura a tafiyar jirgin ruwan Fram, daga 1893 zuwa 1896, cewa ƙanƙarar teku tana karkata dama da inda iska ke kaɗawa. Shimfiɗar Ekman ita ce ta fi kama da abin da ke faruwa a cikin injunan da fayafansu suke juyawa tare.

Fayafai biyu: saɓanin Batchelor da Stewartson

Idan aka ajiye faifai mai juyawa yana fuskantar wanda ke tsaye, tambayar ita ce abin da ruwan tsakiya zai yi. A 1951 George Batchelor na Jami'ar Cambridge ya ce kowane faifai zai sami tasa shimfiɗar iyaka, ruwan tsakiya kuma ya zagaya dunƙule da saurin da bai kai na faifan ba. Ruwa zai fita waje ta jikin faifai mai juyawa, ya dawo ciki ta jikin wanda ke tsaye. A 1953 Keith Stewartson ya ce shimfiɗa guda ce za ta samu, a jikin faifai mai juyawa, ruwan tsakiya kuma ba zai zagaya ba.

Saɓanin ya ɗauki shekaru. Gwajin Picha da Eckert na 1958 ya nuna cewa abin da ke gefen fayafan ne yake yanke hukunci: idan an kewaye su da bango, ruwan tsakiya yana zagayawa kamar yadda Batchelor ya ce, idan kuma gefen a buɗe yake, zagayawar tana raguwa ƙwarai. Lissafin kwamfuta na Mellor, Chapple da Stokes a 1968 ya gano cewa ƙa'idojin suna da amsa fiye da ɗaya, kuma amsoshin mutanen biyu duk suna ciki. A tsarin Batchelor ruwan tsakiya yana zagayawa da kusan kashi 31 cikin 100 na saurin faifai idan gudanar a natse take, da kuma kashi 40 da wani abu idan ta hargitse.

A 1960 James Daily da Ronald Nece na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a Amurka sun auna faifan da ke juyawa a cikin rufaffen gida, suka kasa gudanar gida huɗu: ta natsuwa ko ta hargitsi, kowace kuma da shimfiɗu biyu a haɗe ko a rabe. Injiniyoyin famfo suna amfani da wannan rabe-rabe har yau wajen ƙiyasta ƙarfin da gogayya ke ci a bayan fankar famfo. Asarar tana hawa da sauri: idan aka ninka faɗin faifai sau biyu a sauri ɗaya, tana ninkuwa kusan sau 30.

Turbin ɗin Tesla

Tarihi

Nikola Tesla (1856–1943), injiniya ɗan ƙabilar Sabiya da ya koma Amurka, ya yi suna ne a fannin lantarki. A lokacin da ya juya ga injunan tururi, turbin mai fukafukai na Charles Parsons, wanda aka fara ƙerawa a Ingila a 1884, da na Gustaf de Laval na Suwidin, sun fara mamaye tashoshin lantarki. Fukafukansu suna da wuyar ƙerawa da tsada. Tesla ya nemi hanyar da ruwa zai miƙa ƙarfinsa a hankali, ba tare da ya yi karo da wani abu ba.

An ƙera samfurin farko a 1906. Yana da fayafai 8 masu faɗin inci 6, wato kusan santimita 15, kuma an ruwaito cewa ya ba da ƙarfin doki 30. A 1911 an gwada wani babba a tashar lantarki ta Waterside ta kamfanin Edison a New York, mai fayafai 25 da faɗin inci 18, wanda ya ba da ƙarfin doki 200 a juyi 9,000 a minti ɗaya. Tesla ya shigar da takardar neman haƙƙin ƙirƙira a ranar 21 ga Oktoba, 1909. A ranar 6 ga Mayu, 1913, ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba shi lambobi biyu: 1,061,142 ta famfo da 1,061,206 ta turbin.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko kamfanin Allis-Chalmers na birnin Milwaukee ya ƙera injuna uku bisa tsarin Tesla. Mafi girmansu yana da fayafai 15 masu faɗin inci 60, an tsara shi ya ba da kilowat 500 a juyi 3,600 a minti. Injiniyan kamfanin, Hans Dahlstrand, ya ba da rahoton cewa ingancinsa bai wuce kusan kashi 38 cikin 100 ba, kuma da aka kwance injunan an tarar fayafan sun lanƙwashe. A wannan sauri gefen babban faifan yana gudun kusan mita 290 a sakan, ƙarfin da ke neman yaga faifai kuwa yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da saurin gefe ya ninku sau biyu. Ƙarafan wancan zamani ba su iya jure haka na dogon lokaci. Aikin ya tsaya, turbin ɗin bai shiga kasuwa ba.

Yadda yake aiki

Ana jera fayafan a kan sanda guda da ƴar tazara tsakaninsu, a rufe su cikin zagayayyen gida. Kowane faifai yana da ramuka kusa da tsakiya. Tururi ko iska mai matsi tana shiga ta bakin feshi da ke gefen gidan, wanda ke mayar da matsi zuwa sauri ya kuma saita ta ta bi gefen fayafan. Daga nan ta kutsa cikin tazarar, ta yi ta zagayawa tana matsowa ciki kamar nannaɗaɗɗiyar igiya, tana jan fayafan da danƙonta, har ta fita ta ramukan tsakiya bayan ta rasa yawancin saurinta.

Tsawon hanyar da ruwan ke bi yana sauyawa da kansa. Idan babu kaya a kan injin, fayafan suna gudu kusan daidai da ruwan, ƙarfin wurgi yana tare shigarsa, sai ya yi zagaye da yawa kafin ya fita. Idan aka ɗora kaya, fayafan suna rage sauri, hanyar ta gajarta, jan kuma ya ƙaru. Idan aka sa bakin feshi na biyu yana kallon ɗaya ɓangaren, injin yana iya juyawa baya. Idan kuma aka juya sandar da mota mai lantarki, ruwa yana shiga ta tsakiya ya fita ta gefe, injin ya zama famfo.

Faɗin tazara

Tazarar da ke tsakanin fayafai ita ce ma'auni mafi muhimmanci. Idan ta yi faɗi, ruwan tsakiya yana wucewa ba tare da ya ja komai ba. Idan ta yi ƙunci, gogayya tana shaƙe gudanar, ruwa kaɗan ne zai wuce. A 1962 Breiter da Pohlhausen, a cibiyar binciken sojan saman Amurka da ke Wright-Patterson a jihar Ohio, sun lissafa gudanar natsuwa tsakanin fayafai biyu masu juyawa tare. Daga aikinsu ne aka sami ƙa'idar da ake bi, cewa tazara mafi dacewa ta kai kusan ninki uku na √(ν/Ω), inda shimfiɗun fayafan biyu suke haɗuwa a tsakiya.

Ga iska a juyi 10,000 a minti, wannan yana nufin tazarar da ba ta kai rabin milimita ba. Ga ruwan sha a juyi 3,000, ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Babban injin Allis-Chalmers yana da tazarar kusan milimita 3. Ƙuncin tazarar da lissafi ke bukata yana kawo wahala wajen ƙira, domin dole fayafan su zama sirara, miƙaƙƙu, kuma kada su taɓa juna ko da sun yi zafi.

Matsalar inganci

Inganci shi ne kason ƙarfin ruwa da ke komawa aiki mai amfani a sandar injin. Tesla ya yi hasashen cewa injinsa zai iya haura kashi 90 cikin 100. Farfesa Warren Rice na Jami'ar Jihar Arizona, wanda ya wallafa nazari a kan famfunan faifai a 1963 da kuma a kan turbin a 1965, ya ci gaba da binciken tare da ɗalibansa na tsawon shekaru. A bitar da ya gabatar a 1991 ya ce fayafan su kaɗai suna iya haura kashi 95 idan gudanar a natse take, amma hakan yana samuwa ne kawai idan ruwan da ke bi ta kowace tazara ɗan kaɗan ne.

Dalilin yana cikin yadda injin ke aiki. Ruwa ba ya jan faifai sai ya fi shi sauri, kuma duk bambancin sauri yana haifar da gogayya da ke mayar da ƙarfi zafi. Ƙaramin bambanci yana ba da inganci mai yawa da ƙarfi kaɗan. Babban bambanci yana ba da ƙarfi mai yawa da asara mai yawa. Tesla da kansa ya rubuta a takardar ƙirƙirarsa cewa ƙarfi mafi yawa yana samuwa ne idan saurin fayafai ya kai rabin na ruwa, amma tattalin ƙarfi yana bukatar bambancin ya ragu sosai. Wanda ke son ƙarfi da inganci tare sai ya ƙara yawan fayafai, injin ya yi girma da nauyi.

Sauran asarar tana wajen fayafan: a bakin feshi, a ɗan filin da ke tsakanin gefen fayafai da gida, a bayan fayafan ƙarshe inda gudanar Batchelor ke ci ba tare da wani amfani ba, a ramukan fita inda ruwa ke yin kwana, da kuma a boris. Shi ya sa yawancin injunan da aka gwada a ɗakunan bincike ba su kai kashi 50 ba, da dama ma sun tsaya tsakanin 20 da 40, alhali manyan turbin masu fukafukai suna kai 80 zuwa 90. A 2010 Abhijit Guha da B. Smiley a Jami'ar Bristol sun nuna cewa hanyar shigar iska da bakin feshi suna cin kaso mai yawa na matsi, kuma sa ɗan ɗaki na tara iska kafin bakin feshin ya rage wannan asara zuwa ƙasa da kashi 1.

Famfon faifai

Famfo ne reshen da tsarin Tesla ya fi samun karɓuwa a masana'antu. Famfo mai fukafukai yana rasa inganci idan ruwa ya yi kauri, fukafukansa suna cinyewa idan akwai yashi, kuma yana farfasa abubuwa masu laushi. Famfon faifai yana amfana da kaurin ruwa, domin shimfiɗar iyaka tana faɗaɗa, a sami damar buɗe tazarar. Ruwan da ke manne da faifai yana rage karon tsakuwa da ƙarfe. Yana kuma jure ruwan da ya gauraya da iska, kuma yana fitar da ruwa bai ɗaya ba tare da bugu ba. Ana amfani da shi wajen tura laka, dagwalon masana'antu, ɗanyen mai mai kauri, ɓawon takarda da kayan abinci. Kamfanin Discflo na jihar Kalifoniya yana ƙera irin waɗannan famfuna tun shekarun 1980, kuma wasu fayafansa suna da ƴan tudu a fuska don ƙara ja.

Masu binciken likitanci, ciki har da na Jami'ar Jihar Pennsylvania, sun gwada ƙananan famfunan faifai don taimaka wa zuciyar da ta yi rauni. Abin da ake nema a nan shi ne tura jini ba tare da fasa jajayen ƙwayoyinsa ba, kuma ba tare da barin wurin da zai tsaya ya daskare ba.

Fayafai a cikin injin jirgin sama

Fannin yana da muhimmanci har ga injuna masu fukafukai, domin fukafukan suna dasa ne a gefen manyan fayafai na ƙarfe, kuma tsakanin faifai mai juyawa da bangon da ke tsaye akwai rami mai iska. A injin jirgin sama zafin hayaƙin da ke shiga turbin ya wuce wanda ke narkar da ƙarfen fukafukan, don haka ana ɗebo iska mai sanyi daga sashen matse iska a sanyaya su. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar da aka matse yana tafiya ne a sanyaya da toshe kafofi.

Faifai mai juyawa yana wurga iskar ramin waje kamar yadda von Kármán ya bayyana. Idan ba a cike gurbin da isasshiyar iska mai sanyi ba, hayaƙi mai zafi yana shigowa ta gefe ya bi jikin bango zuwa ciki, ya rage wa faifan tsawon rai. Idan kuma aka zuba iskar fiye da kima, injin yana ƙara shan mai. Bayley da Owen na Jami'ar Sussex sun wallafa ƙa'idar ƙiyasta mafi ƙarancin iskar da ake bukata a 1970, kuma jami'o'in Bath da Aachen suna cikin waɗanda suka ci gaba da wannan bincike.

Sauran amfani

A kimiyyar sinadarai, masanin Tarayyar Sobiyet Veniamin Levich ya yi amfani da sakamakon von Kármán a 1942 don nazarin faifan ƙarfe da ke juyawa cikin ruwan sinadari. Tun da ruwa yana isa ko'ina a fuskar faifan da sauri ɗaya, ana iya lissafa yawan sinadarin da ke isa gare ta daidai, kuma wutar da ake aunawa tana ninkuwa sau biyu idan saurin juyawa ya ninku sau huɗu. Ana amfani da na'urar wajen binciken batir da tsatsar ƙarfe.

A masana'antar kayan lantarki ana ɗiga ruwan sinadari a tsakiyar faifan silikon a juya shi da sauri, ruwan ya bazu ya zama siririn shafi mai kauri ɗaya. Emslie, Bonner da Peck ne suka yi lissafin wannan a 1958.

Ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta mai fayafai tana juyi 5,400 ko 7,200 a minti, kuma hargitsin iskar da ke tsakanin fayafan yana girgiza hannun da ke karanta bayanai. Daga 2013 kamfanin HGST ya fara sayar da ma'ajiyoyin da aka cika da iskar hiliyom, wadda nauyinta kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne na iska, don rage gogayya da girgiza.

Fayafai biyu masu juyawa saɓanin juna kuwa suna haifar da hargitsi mai tsanani a ƙaramin wuri. A 2006, a cibiyar Cadarache da ke kudancin Faransa, an juya narkakken sodiyom tsakanin fayafan baƙin ƙarfe biyu masu haƙarƙari, sai ruwan ya haifar da maganaɗisu da kansa, wanda a wasu lokuta yake juya fuskarsa kamar yadda maganaɗisun duniya ya sha yi a tarihinta.

Bincike na zamani

Sabuwar sha'awar turbin ɗin faifai ta karkata ga ƙananan injuna. Idan aka ƙanƙanta turbin mai fukafukai, yoyon da ke tsakanin fiffike da gida da kuma gogayya suna cinye ingancinsa, farashinsa kuma ba ya sauka daidai da girmansa. A wannan ƙaramin ma'auni gudana takan zama ta natsuwa, wadda ita ce turbin ɗin faifai ya fi so. A 2011 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun gwada turbin mai faɗin santimita 1 da ruwa ke juyawa, suka sami inganci kusan kashi 36.

A Italiya, jami'o'in Florence da Genoa sun gwada turbin ɗin faifai don samar da lantarki daga zafin da ake asararsa a masana'antu ko daga ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa, ta hanyar amfani da sinadarai masu tafasa a ƙaramin zafi maimakon ruwa. Injin yana jure tururin da ke ɗauke da ɗigon ruwa, abin da ke lalata fukafukai. A Indiya, Guha da Sayantan Sengupta na Cibiyar Fasaha ta Kharagpur sun wallafa jerin nazarce-nazarce daga 2012 a kan hanyar da ƙwayoyin ruwa ke bi tsakanin fayafai da rawar da kowane ƙarfi ke takawa. Batutuwan da aka fi mayar da hankali a kansu su ne siffar bakin feshi da yawansa, kaifin gefen fayafai, rage yoyo a bayan fayafan ƙarshe, sassaƙa fuskar faifai don ƙara ja, da amfani da kayan ƙira marasa nauyi irin su zaren kabon waɗanda ke jure saurin da ya lanƙwasa fayafan Milwaukee.